Barewa Ta Gudu: Laifin Rigata Ne Ko Na Bindiga?

Assalamu alaikum Malam. Shekarata huɗu a jihar Fensilbaniya ta Amurka. Bara wani dattijo maƙwabcina ya ja ni farautar barewa. Na yi kwas ɗin da doka ta ce, na karɓi lasisi, ya ba ni aron tsohuwar bindigarsa mai ƙotar katako da baƙin ƙarfe mai sheƙi. Kwana uku muna daji, hannu rabbana na dawo. Sau biyu barewa ta zo kusa da ni. Ta farko ban ma gan ta ba sai da na ji hucinta a bayana, ina waigawa na hangi farar wutsiya tana shigewa duhuwa. Ta biyu a gabana ta ɓullo, bai fi taku hamsin ba, ta ƙura mini ido, ta sunkuyar da kai kamar za ta ci ciyawa, na ɗaga bindiga, sai ta daka tsalle ta ɓace. Abokan tafiyarmu duk suna cikin kayan ɓad-da-kama masu zanen ganye da reshe, har bindigoginsu. Ni kuwa wandon jins ne da baƙar jaket da falmaran ruwan lemo. Suka yi ta yi mini dariya, wai tun daga wata jiha barewa ta hango ni. Bana na ƙudura sai na sayi cikakken kayan da sabuwar bindiga mai zane. Uwargida ta ce ba da kuɗin da muke tarawa ba, yau kwana biyar ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Malam, zanen nan yana da amfani, ko kuwa dai asara zan yi?

Naka, mai neman shawara.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Tun kafin mu shiga daji bari in raba gardamar cikin gida: uwargida ta fi ka gaskiya. Kada ranka ya ɓaci, ka karanta har ƙarshe, domin a wasiƙarka ka riga ka rubuta amsar tambayarka da hannunka, ba ka dai lura ba ne.

Ɗauki barewa ta farko. Ka ce a bayanka ta yi huci, kana zaune, ba ka ma san tana nan ba. Wannan hucin shi ne gargaɗin da take yi wa 'yan'uwanta, kuma galibi hanci ne ya kai mata labari. Iska ta ɗauki warinka ta kai mata har inda take. Da kana sanye da rigar da ta fi kowace riga kama da bishiya, da an yi haka ɗin dai. Hausawa sun ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Kai ka yi wanka, ka shafa mai, kana jin kanka fes, amma a hancin barewa kana tafe da tutar sabulu da gumi da man bindiga da hayaƙin mota da abin da ka karya kumallo da shi. Abokanka da suka ɗora laifin a kan wando sun bar jaki suna dukan taiki.

Ta biyun ta fi ban sha'awa, don ta yi maka wata tsohuwar dabara da duk maharbi ya taɓa faɗawa cikinta. Barewa idan ta ga wani abu da ba ta gane ba, takan tsaya ta ƙura masa ido, wani lokaci ta buga ƙafar gaba a ƙasa. In abin bai motsa ba sai ta sunkuyar da kai kamar ta haƙura za ta ci ciyawa, sannan ta ɗago farat ɗaya. Tarko ne. So take ta ga ko kututturen nan zai motsa. Kai kuwa kana ganin kanta ya yi ƙasa ka ce ga dama ta samu, ka ɗaga bindiga, ta ɗago ta kama ka hannu a sama. Ka lura da abu ɗaya: ta daɗe tana kallonka da jins ɗinka da falmaran ɗinka ba ta gudu ba. Sai da ka motsa.

Yanzu ga abin da aka sani game da idonta, don kada ka ɗauka ra'ayina ne kawai. A 1994 aka buga sakamakon wani bincike da masana na Jami'ar Jojiya suka yi tare da masana ilimin gani, cikinsu har da Gerald Jacobs na Jami'ar Kaliforniya, inda suka auna yadda idon barewa mai farar wutsiya ke amsa haske kala-kala. Suka tarar ƙwayoyin gane launi iri biyu gare ta, mu kuwa uku gare mu. Ɗaya ya fi kama haske mai tsawon zango nanomita 450 zuwa 460 (nanomita ma'auni ne na zangon haske, wanda shi ke bambanta launuka), wato shuɗi. Ɗayan ya fi kama na 537, wato tsakanin kore da rawaya. Na ukun da muke gane ja da ruwan lemo da shi, ita ba ta da shi. Saboda haka falmaran ɗin nan taka da mutum ke hangowa daga can tsallaken kwari kamar wuta, a wurinta wani launi ne dishi-dishi, kusa da na busasshen ganye. Shuɗi kuwa tana ganinsa tas, har ma ta fi mu, musamman da asuba da almuru, lokacin da hasken sararin sama ya fi karkata ga shuɗi, kuma lokacin ne ta fi yawo. A nan abokanka sun taɓo gaskiya ba da saninsu ba: wandon jins ba kayan farautar barewa ba ne. Amma laifinsa launinsa, da kuma ƙarar da yake yi in ƙafa ta gogi ƙafa, da yadda yake riƙe sanyi in ya jiƙe. Rashin zanen ganye ba ya cikin laifinsa.

Sai kaifin gani. Idon barewa bai kai na mutum iya rarrabe ƙananan abubuwa ba. Abin da kai za ka tantance daga taku sittin, ita sai ta matso kamar taku ashirin. To ka duba rigunan nan na shago da kyau, an zana kowane ganye da jijiyoyinsa, an zana ɓawon itace da tsagoginsa. Wa aka zana wa? Mai saye aka zana wa, wanda ke tsaye taku biyu daga rigar a ƙarƙashin fitilar shago. Ka rataye irin wannan rigar a reshe ka ja da baya taku saba'in, kai ma da idonka mai kaifi za ka ga zanen ya narke ya zama dunƙule guda mai duhu. Ina ga barewa.

Abin da Allah ya ba ta a madadin haka shi ne faɗin gani da saurin kama motsi. Idanunta a gefen kai suke, ƙofar hasken da ke tsakiyarsu a kwance take kamar ta akuya, don haka tana ganin kusan digiri 300 na abin da ke kewaye da ita ba tare da ta juya kai ba. Ɗan wurin da ke bayan ƙeyarta kaɗai ya ɓace mata. A bayan idon kuma akwai wani shimfiɗi mai ƙyalli da ke mayar da haske, shi ne yake sa idonta ya yi walƙiya in fitilar mota ta haske ta da dare, shi ne kuma yake sa ta gani sarai a duhun da kai kake laluben igiyar takalminka. Dabba ce da aka halitta don ta lura da kerkeci yana sanɗa. Ba ta damu da kalar gashinsa ba.

Wani abin da ya kamata ka sani shi ne kayan nan ba su daɗe ba. Wajen 1980 wani malamin makaranta a Bajiniya, Jim Crumley, ya fito da zanen ɓawon itace da ya kira Trebark. Kamfanonin kayan ɓad-da-kama na Realtree da Mossy Oak, waɗanda na tabbata sunayensu ne a jikin rigunan abokanka, duka a 1986 suka fara. Kafin nan fa? Kakannin waɗannan abokan naka da rigar ulu mai gidan dara, ja da baƙi, suke shiga daji, kuma sun ciyar da iyalansu da naman barewa shekara da shekaru. Fred Bear, wanda ya yi suna a duniya wajen farauta da baka, hotunansa da yawa cikin riga mai gidan dara da malafa yake, alhali mai baka sai ya matso kusa ainun kafin ya saki kibiya. Abin dariyar shi ne rigar gidan daran nan ma ɓad-da-kama ce a idon barewa: jan bai fito mata ja ba, manyan gidajen kuma suna karya siffar ƙirji da kafaɗa. Ka tambayi dattijon maƙwabcinka da wace riga ya harbi barewarsa ta farko.

Ban ce zanen ba shi da amfani ko kaɗan ba, kada ka je ka ce Malam ya ce ƙarya ne. Amfaninsa ɗaya ne, karya siffar mutum. Barewa ta san zubin ɗan Adam: kai zagaye a kan kafaɗu biyu, tsaye a miƙe. Duk abin da ya yanyanka wannan siffa zuwa haske da duhu yana taimakawa, kuma manyan dabbare-dabbare sun fi ƙanana yin wannan aiki. Baƙar jaket ɗinka a nan ta fi jins ɗin ba ni tsoro, domin a dajin ƙarshen Nuwamba, ganye ya zube, komai ya yi fari-fari da ruwan toka, baƙi wuluk yakan fito kamar rami a bango. Mai farauta da baka, wanda zai ja tsirkiya barewa na taku ashirin da shi, yana da hujjar sayen kayan saje. Mai farautar talotalon daji ko agwagwa ya fi shi hujja, don tsuntsaye suna ganin launi fiye da mu. Amma kai mai bindiga, da doka ta riga ta tilasta maka ɗora ruwan lemo a kan ko me ka sa, me ya rage wa zanen ya yi?

Wannan dokar kuwa kada ka yi wasa da ita. A Fensilbaniya, lokacin farautar barewa da bindiga, dole ne ka sa ruwan lemo mai ƙyalli da bai gaza murabba'in inci 250 ba a jimilla, a kai da ƙirji da baya, yadda za a gan ka ta kowace fuska. A wasiƙarka falmaran ka ambata, ba ka ambaci hula ba. In ba ka da ita, ita ce farkon abin saye. Kowace jiha da tata ƙa'idar. Kolorado 500 take nema, kuma ba ta karɓar ruwan lemo mai dabbare-dabbare, sai zalla. Wiskonsin ta halatta ruwan hoda mai ƙyalli a 2016. Asalin abin daga Masachusets ne, inda aka gwada launuka a ƙarshen shekarun 1950 don a ga wanne idon mutum ya fi saurin kamawa a daji, ruwan lemo ya yi nasara, jihar ta mayar da shi doka a farkon shekarun 1960. Launi ne da ɗan'uwanka maharbi ke gani, barewa kuma ba ta damu da shi ba. Da wuya a samu ciniki mai riba kamar wannan. Kuma ka guji fari kamar yadda kake gudun wuta: farin hankici, farar safa da ta leƙo, farar hula. Barewa tana ganinsa, wannan ɗaya. Na biyu kuma ya fi muni, wani mai gaggawa yana iya hango farin abu yana motsi a duhuwa ya ɗauka wutsiya ce.

Mu zo kan bindiga. Faɗinta nawa ne? Idan ka saita ta a kan barewa, abin da take gani bai fi bakin kofi ba. Zanen ganye a kan ƙota ado ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya so ado in aljihunsa ya yarda. Abin da ke tona asirin bindiga uku ne: sheƙi, ƙara, da lilo, wato motsin da take yi in ka ɗaga ta ko ka juya ta. Ƙarfe mai santsi ko gilashin madubin saiti idan rana ta doke shi yakan yi wal, kuma babu abin da ke yin wal a daji sai ruwa. Wannan na koya da tsada. Wata safiya na zauna awa uku ban motsa ba, iska na busowa fuskata yadda ake so, ga wani namiji mai ƙaho ya nufo ni a hankali yana shinshina ƙasa. Rana ta ɓullo ta saman tudu. Na ɗan karkata hannu don in gyara riƙo, gilashin agogona ya jefa haske a kan ganyen da ke gabansa. Bai ko yi huci ba, ya juya ya bi inda ya fito. Tun ranar agogona a aljihu yake kwana.

Maganin sheƙi ba ya buƙatar sabuwar bindiga. Ka zauna a inuwa, rana a bayanka ko a gefenka. In ƙarfen ya cika ƙyalli, akwai tef na yadi marar sheƙi da ake naɗawa, irin wanda ke manne wa kansa ba ya barin danƙo. Kada ka naɗe inda sassa ke motsi, kuma ka warware shi duk ranar da ruwa ya taɓa shi, in ba haka ba tsatsa za ta ci ƙarfen a ƙarƙashinsa ba ka sani ba. Tunda bindigar aro ce, ko fenti ɗigo ɗaya kada ka sa mata, tef ɗin ma ka nemi izini. Ƙara kuwa, ka saurari maratayin bindigar ko yana ƙiƙi-ƙiƙi, ka koyi zare makullin kunama da yatsa biyu a hankali yadda ba zai yi ƙas ba. A dajin da ya yi tsit da sanyin safiya, wannan ƙas ɗin kamar an karya kara ne.

Lilo shi ne abin da ya raba ka da barewa ta biyu. Bindiga ta kasance a kan gwiwarka tun farko, bakinta na kallon inda kake zaton nama zai ɓullo, don tafiyar da za ta yi zuwa kafaɗarka ta zama gajeriya. Kada ka ɗaga sai kan barewar ya shiga bayan bishiya, ko ta juya tana kallon wani wuri da gaske. In ta ƙura maka ido, ka zama dutse, ko ƙiftawa ka rage, kuma kada ka zuba idonka cikin nata. Hannu zai yi tsami, hanci zai yi ƙaiƙayi, ka daure. Sau da yawa za ka ga ta kaɗa wutsiya sau ɗaya ta ci gaba da kiwo, alamar hankalinta ya kwanta ke nan. Na taɓa zama cikin ruwan lemo tun daga hula har ƙugu, uwa da ɗanta suka wuce ni da taku goma, har ina jin ƙarar taunarsu. Bayana na jingine da kututturen da ya fi kafaɗuna faɗi, iska kuma daga wajensu take zuwa.

Iskar nan ita ce karatun da za ka yi bana. Ka samu 'yar kwalba ka zuba garin da ba shi da ƙanshi, ka riƙa fesawa kana kallon inda ya nufa, ko ka ɗaura siririn zare a bakin bindiga. Ka zauna yadda iska za ta taso daga inda kake tsammanin barewa ta zo kanka. A ƙasa mai tudu da kwari ka tuna iska na hawa sama in rana ta ɗumama gangare da hantsi, tana kuma gangarowa in wuri ya yi sanyi da yamma, don haka mazaunin da ya yi kyau da safe yana iya zama banza da la'asar. In iska ta juya, tashi ka canza wuri, kada ka tsaya jayayya da ita. Kayan farautarka kuma ka wanke su da sabulun da ba shi da turare, ba shi kuma da sinadarin nan mai ƙara wa tufafi haske, domin aikinsa shi ne mayar da hasken da ido ba ya gani ya koma shuɗi-shuɗi, launin da muka ce ta fi gani. Ka shanya su a waje, ka ajiye su a leda nesa da kicin.

Za ka ga wasu abokanka suna shafa baƙi a fuska. Farar fuska a cikin duhuwa fitila ce, dole su rufe. Mu kam an hutar da mu rabin wannan wahala, sai dai goshi mai maiƙo da gilashin ido suna ƙyalli ko a jikin wa suke, tafin hannu kuma yana da haske. Hula mai baki da safar hannu sun wadatar.

To me za ka saya? Wando da riga na ulu ko wani yadi mai laushi da ba ya ƙara in reshe ya goge shi, ruwan ƙasa ko ruwan toka ko kore mai duhu, ko da na gwanjo ne. In ka samu mai zane da araha, saya, ba zai cuce ka ba. Takalmi mai ɗumi da ruwa ba ya shiga, don wanda ƙafarsa ta daskare ba ya iya zama shiru, kuma mutsu-mutsun jin sanyi ya kori barewa fiye da kowane launi. Hular ruwan lemo. In za ka hau mazaunin kan bishiya, ɗamarar da ke riƙe mutum in ya zame, wannan ba a sasanta shi. Sauran kuɗin da ka ware ka sayi harsashi ka je filin koyon harbi tun kafin Nuwamba, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka harba a zaune, ka harba a durƙushe, sanye da jaket ɗin da za ka sa a daji, har ka san iyakar nisan da harsashinka ke faɗawa cikin faɗin faranti kowane lokaci. Abin da ya wuce wannan nisan ba naka ba ne, ka bar shi ya wuce. Dabbar da aka raunata ta shige daji ta mutu a banza ta fi dawowa hannu rabbana ciwo.

Batun dariyar abokai, na san ita ce ta fi ci maka rai, ba barewar ba. Baƙo a cikin ƙungiya yakan so ya yi kama da 'yan gari, kuma rabin cinikin kayan nan a kan wannan yake tafiya. Amma sabon shiga ko ya sa kayan da suka fi na kowa tsada sai an tsokane shi, sai dai a canza abin tsokanar. Ka roƙi dattijon nan ya bar ka ka zauna kusa da shi wuni guda ba tare da ka ɗauki bindiga ba, ka ga inda yake zaɓar zama, da yadda yake juya ido kafin ya juya kai.

Uwargida kuma, yau ɗin nan ka same ta. Ka ce mata ka fasa sabuwar bindiga, ka rubuta mata 'yan abubuwan da na lissafa da kuɗinsu, ta gani da idonta, ku yanke tare. Ka kuma tambaye ta ko akwai wuri a firiza.